Yadda Ƙahona Ya Sa Wa Bappa Umaru Suna

Kai Bello, rage muryar abin nan mu ji kanmu. Tun ɗazu nake zaune ina kallonku, ku jona waya, ku danna, ku koma ku harɗe ƙafa, wai ku ma nan masu lasifika ne. Jiya har na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai wannan sana'a ko barci kake yi za ka iya ta. To ku matso kusa, don ni ba zan ɗaga murya ba, na ɗaga ta wasu shekara da shekaru, ya ishe ni. Da sana'ar nan na yi aure, da ita na gina gidan da kuke fakewa a inuwarsa a Jambutun nan, kuma a cikinta na ga yadda kalma guda ta ɓata wa mutumin kirki suna.

Aikin farko da aka fara ba ni shi ne ɗaukar batir a ka. Batirin mota nake nufi, wanda in ruwansa ya ɗiga maka a riga sai ka ga ta huje kamar gara ta ci. Ubana maƙeri ne, kakanmu daga ƙasar Katsina ya zo Jimeta da kayan ƙirarsa, amma ni hayaƙin maƙera bai karɓe ni ba, sai aka kai ni wurin Oga Filibus. Mutumin wajen Numan ne, tsohon soja, a soja ya koyi aikin waya, ya dawo ya buɗe shagon gyaran rediyo kusa da kasuwa. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ranar da ya fara nuna mini injin, wani akwatin ƙarfe mai kwalabe a ciki waɗanda sai sun yi ja kafin murya ta fito, ya ce, "Sale, wannan inji amarya ne. Sai shi yi ɗumi kafin shi yi magana. In ka matsa masa, shi yi fushi, ni kuma in yi fushi da kai." Kuma yana yi ɗin, don hannunsa na da nauyi.

Kayan aikin ba su da yawa. Injin nan, da ƙaho biyu na ƙarfe masu fitar da murya, da makirfo mai nauyi kamar 'yar taɓarya, da waya nannaɗe a gwangwani, da ƙarfen dalma da muke ɗorawa a gawayi in waya ta tsinke. Abin da ke da yawa shi ne abin da za ka sani. Kafin ka rataya ƙaho sai ka tsaya ka ji inda iska ke kaɗawa, don iskar kogin Binuwai in ta ga dama sai ta kwashe jawabin gaba ɗaya ta kai wa masunta. Ba ka fuskantar da ƙaho ga katanga, maganar za ta dawo ta mari mai ita. Ba ka barin makirfo ya ga bakin ƙaho, in sun haɗa ido sai injin ya tsandara kuka, jakuna su tsinke igiya, tsofaffi su tsine maka. Duk wannan a wata 'yan kaɗan na iya. Wanda ya ɗauke ni shekaru shi ne sanin mai magana.

Akwai mai cin makirfo, ya tura shi baki har ka ji abin da ya karya da shi. Akwai mai tsoronsa, ya tsaya nesa yana leƙensa kamar maciji. Akwai mai mantawa a kunne yake. Wani bikin aure da muka yi a cikin Yola, uban ango ya gama yi wa baƙi maraba da kyakkyawar murya, ya juya ya ce wa ƙanensa a ɓoye cinyoyin ragon kada mutanen Jimetan nan su gani, ba su da ta ido. Unguwar gaba ɗaya ta ji. Mutanen Jimeta suka zauna daram, suka ce ba inda za su sai an fito da cinyoyi. Oga ya ja kunnena a hanyar gida, ya ce hannun mai lasifika ba ya barin maɓalli, kuma idonsa ba ya barin bakin mai magana.

Da aka zo samun mulkin kai, sana'a ta yi kasuwa. Kowace jam'iyya na son a ji ta, kowane ɗan takara na ganin in muryarsa ta fi ƙarfi to gaskiyarsa ta fi yawa. Oga ya ga ƙafarsa ta fara gajiya da hawa bishiya, ya ba ni inji ɗaya da ƙahonin nan biyu, ya ce in je in nemi abincina. A nan na haɗu da Bappa Umaru.

Bafulatanin Yola ne, tsohon malamin makaranta, dogo siriri, kowa Bappa yake ce masa har waɗanda suka girme shi. Shi aka zaɓa ya tafi majalisar ƙasa a Ikko, wato Legas, ya wakilce mu. Muryarsa kuwa kamar ta mai tsoron tada jariri, in ba ka kusa sai ka ɗauka addu'a yake yi. Irin wannan mutum shi ne abincin mai lasifika. Wasu wakilai in sun dawo gida makaɗa suke tarawa, shi kuwa taro yake kira ya zauna ya yi wa mutane bayani dalla-dalla, ga abin da aka kawo a majalisa, ga abin da na ce, ga ɓangaren da na bi da aka zo ƙuri'a. Da aka kawo maganar ƙara haraji a kan kananzir da batir, ya ƙi, har ya saɓa wa manyan jam'iyyarsa, ya ce fitilar talaka ba wurin neman kuɗin gwamnati ba ce. Ni dai tun daga ranar ya saye ni, don batir ne rayuwata. Ya yi maganar gidan waya, ya yi ta asibiti. Amma wadda ya fi naci a kai ita ce ta jirgin fito, wanda ke ƙetarar da motoci a kogi. Jirgin da muke da shi ƙarami ne kuma tsoho, mota ta kan kwana da kwanaki a hayi tana jiran layi. An ce a majalisa in Bappa ya miƙe, sai 'yan'uwansa su fara raɗa cewa ga Binuwai nan ta taso.

Na san shi kamar yunwar cikina. In zai yi dogon bayani sai ya haɗa yatsu, in bar murya a tsaka-tsaki. In zai faɗi magana mai nauyi sai ya taɓa hularsa, ni kuma in murɗa maɓalli in ba shi ƙarfi. Mutanen ƙauye da ba su taɓa zama kusa da shi ba har cewa suke yi wakilinsu murya gare shi kamar zaki.

Taron da nake son ba ku labari a bakin kasuwar Jimeta aka yi shi, da damina, kogi ya cika ya batse, motoci sun yi layi a hayi. Na rataya ƙaho ɗaya a darbejiya yana kallon rumfunan 'yan goro, ɗaya a kan motarmu Landroba yana kallon hanyar kogi. Batir sabon caji, iska a kwance, inji ya yi ɗumi yadda ake so. Ban taɓa shirya aiki ya yi kyau haka ba, kuma wannan shi ne abin haushin.

Bappa ya gama bayaninsa aka ce mai tambaya ya fito. Sai ga Alhaji Mati. Mutumin ƙasar Kano ne, bai daɗe da zuwa garin ba, amma motocinsa ne ke kawo goro da gishiri da atamfa, kuma fatake da masu motoci duk bayansa suke. Gajere ne mai jiki, bakinsa kamar reza. Ba ya jin Fulatanci ko na "zo ka ci", yana ma alfahari da haka, wai shi Hausa ta ishe shi har Makka. Ya damƙi makirfo kamar zai shaƙe shi, ya ce, "Malam wakili, ni ba dogon zance nake so ba. Gorona na can hayi yana ruɓewa. In ka koma Ikko za ka tsaya mana a kan maganar jirgin nan, ko ba za ka tsaya ba? Kalma ɗaya nake so." Ya saki makirfo, ya juya baya yana tattara babbar riga zai koma kujerarsa.

Bappa ya taɓa hula. Ni kuwa na murɗa maɓalli har ƙarshe. To shi Bappa yana da wani hali, in magana ta taɓa masa zuciya sai Hausa ta sulluɓe masa, harshen uwarsa ya fito. Kuma ba maganar da ta kai ta jirgin nan taɓa masa zuciya. Ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ce, "Ooho."

Kalmar ta fita tas, ba ƙara ba kuka. Daga baya masu kwale-kwale suka ce har bakin ruwa sun ji ta.

Ku da aka haifa a nan kun san zancen, amma bari in faɗa saboda wancan mai jar hular da ya zo daga Zariya. A Fulatancin Yola, ooho shi ne i, na yarda, an gama. A bakin Bahaushe kuwa oho shi ne ba ruwana, can ta matse maka. Bambancin ɗan jan murya ne, sai kuma kai, ɗaya yana gyaɗawa, ɗaya yana ɗaga kafaɗa. Ƙaho kuwa ba ya ɗaukar gyaɗa kai, kuma Alhaji ya riga ya ba da baya.

Mutanen gari suka ɗauki tafi. Wannan tafin shi ya ƙarasa ɓata lamarin, don a kunnen Alhaji an wulaƙanta shi ne a bainar jama'a ana kuma yi wa mai wulaƙancin tafi. Ya tsaya cak, bai waiwayo ba. Ya ce, "Oho ko? To madalla." Ya kaɗe riga ya wuce, fatake da direbobi suka tashi suka bi shi, rabin kujeru suka zama wayam. Bappa ya bi su da kallo, ya ɗauka sauri suke su kai wa na hayi albishir.

Ko waya ban gama naɗewa ba na nufi rumfar Alhaji. Na ce, "Alhaji, ba ka fahimta ba ne. Fulatanci ya yi maka, cewa ya yi i, zai tsaya."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sale, da Hausa na tambaye shi ko da Fulatanci?"

Na ce da Hausa.

Ya ce, "To ni za ka koya wa Hausa? Tun kakanka bai bar Katsina ba muke faɗin oho a Kano. Da kunnena na ji, kuma ƙahonka ba ya ƙarya, kai ka sha faɗa."

Ba ni kaɗai na je ba. Limamin unguwarsu ya je, sarkin pawa ya je. Duk wanda ya je sai Alhaji ya ce shi ma tuwon Bappa yake ci. Da na ga haka sai na koma wajen Bappa, na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan gyaransa kalma ɗaya ne. Mu hau Landroba mu zaga kasuwa, ka ce i da Hausa, shi ke nan." Sai ya ce, "Ɗana, ya tambaye ni a gaban jama'a, na amsa masa a gaban jama'a. In na bi shi ina sake amsawa, sai a ce ta farkon ba gaskiya ba ce." Kun san Fulanin da, mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya bi wani yana bayanin kansa. Ranar har raina ya ɓaci da shi, na ga ni kaɗai ke ta zufa a tsakanin masu taurin kai biyu.

'Yan hamayya kuwa suka samu abin da suke nema. Cikinsu akwai waɗanda suka fi ni Fulatanci nesa ba kusa ba, sun san abin da ya ce sarai, amma suka haɗe fuska kamar ba su taɓa jin kalmar ba. Suna da wani mai baki, Buba Tela, shi ke tsayawa a taronsu ya ce, "Ruwan famfo fa?" jama'a su amsa, "Oho." Ya ce, "Asibiti fa?" su ce, "Oho." Kafin kaka ta yi, sunan Bappa Umaru ya ɓace a Jimeta, sai Wakili Oho. Har zuwa suka yi su yi hayar ƙahona, wai shi ya fi fitar da kalmar da kyau. Na kore su. Suka ɗauko na wani, ya yi ta yi musu kuka har aka tashi, wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Shi kuwa bawan Allah ya koma Ikko ya ci gaba da abin da ya ce zai yi. Duk zaman da aka yi sai ya tada maganar jirgi, in an zo ƙuri'ar kuɗin ayyuka ya bi ɓangaren da ke da jirgi a ciki ko da na waye, har a rediyo an sha faɗa. Ni kuma in zaga da ƙaho ina gaya wa mutane. Sai su saurara, su gyaɗa kai, su ce, "To in haka ne me ya sa ya ce oho?" Manyan jam'iyya suka duba suka ga motocin da ke kai masu ƙuri'a rumfar zaɓe duk na su Alhaji ne. Da zaɓe ya zagayo sai suka ajiye Bappa suka tsayar da wani, wanda ya yi alkawarin gada da jirgin ƙasa da kyakkyawar Hausa, ba wanda ya tambaye shi kuma.

Bappa ya koma gonarsa a ƙauyen Bako. Kujerar ba ta dame shi ba, wannan na tabbata, don ya fi ƙiba a gona. Sunan ne ya dame shi. Yara kan bi shi da shi a hanya, har ya daina shiga Jimeta gaba ɗaya, ko gishiri sai ya aika. Na je gaishe shi wata rana, muka yi ta hirar dawa da shanu, sai da na tashi tafiya ya ce, "Har yanzu suna faɗa?" Na ce sun rage. Ya ce, "Ba su rage ba." Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, domin ta ƙahona kalmar ta fita, kuma da hannuna na ba ta ƙarfi.

Sai ga muguwar shekara. Soja suka karɓi mulki, aka rufe majalisa, aka hana siyasa, aka hana taro. Mai lasifika ba taro, ai ya zama mai kwale-kwale a tudu. Na rataye ƙahonin a ɗaki har zanzaro ya yi gini a cikin ɗaya. Batir ya mutu don rashin aiki. Wata mai man gyaɗa ta zo har gida ta taya ƙaho, wai zai yi mata mazurari, kuma wallahi sai da na yi tunani kafin na ce a'a. Na yi wa wani mai maganin tsutsar ciki aiki, yana son in riƙa ƙara masa murya daidai inda yake kwatanta tsawon tsutsar, masu abinci na kasuwa suka haɗa kai suka kore mu. Na yi shelar allurar rigakafi, na yi tallan silima. Gari kuma ba daɗi, mutane da yawa sun tattara sun tafi, ba mai sha'awar jin babbar murya.

Abin da ya tsamo ni shi ne da aka yi jihohi, hedkwatarmu ta koma Maiduguri. Kowa na da abin yi a can, mai neman aiki, mai neman takardar makaranta, mai ƙara. Alhaji Mati ya sa motoci a hanyar, ya aiko a kira ni in riƙa kiran fasinja a tasha. Na je, yunwa ba ta san fushi ba. Tun safe nake cewa Maiduguri saura mutum ɗaya, har azahar, mota kuwa ba kowa sai kaji. Maganar Bappa ba ma yin ta. In na ɗauko sai ya ce, "Sale, kira fasinja." A shekarun ne aka kawo babban jirgin fito. Masu sani suka ce nacin Bappa ne ya nuna daga baya. Alhaji ya ce, "Ka ga soja, su ba su ce oho ba."

Ana nan matarsa ta rasu, ya yi zaman gwauranci har ya gaji, sai ya ga wata bazawara a cikin Yola, Adda Hauwa, mai sayar da man shanu. Sun daidaita tsakaninsu, ita ta ce masa ya je ya ga waliyyinta, wani tsoho malamin allo da ba ya jin Hausa sosai. Alhaji ya ce in raka shi in yi masa tafinta. Muka je da goro mai kyau, muka zauna a zaure, aka gaisa aka sake gaisawa. Alhaji ya faɗi abin da ya kawo shi, na juya wa tsoho da Fulatanci. Tsoho ya sunkuyar da kai, ya ja carbi, ya ɗago ya ce, "Ooho."

Kafin in buɗe baki Alhaji ya miƙe yana laluben takalmi, fuska ta yi baƙi ƙirin. Na riƙe masa riga na ce, "Ina za ka?"

Ya ce, "Ba ka ji ba? Sakar mini riga, ni ba a yi mini haka sau biyu a gari ɗaya."

Na ce, "Alhaji, an ba ka."

"An ba ni me?"

"Matar. Ya ce ya ba ka. Ga shi can ya ɗaga hannu zai yi fatiha, kai yake jira."

Alhaji ya dubi tsoho, tsoho na murmushi da hannu a sama. Ya koma ya zauna a hankali, takalmi ɗaya a hannunsa. Aka shafa fatiha, shi da takalmin ya shafa. Muka fito, da muka kai gindin wata tsamiya sai ya tsaya ya ce, "Sale, ranar nan a kasuwa."

Na ce, "Na gaya maka har bakina ya gaji."

Ya ce, "To mai nonon nan da kullum in na ce na yau ne sai ta ce oho?"

Na ce, "Na yau ne take ce maka."

Ya ce, "Shekara nawa ina ƙin nonon matar nan, ina cewa Fulanin garin nan ba su da tarbiyya." Ya zauna a saiwar tsamiya, zufa na karyo masa. Can ya ce, "Na zalunci bawan Allah. Na raba shi da kujerarsa, na sa yara suna binsa. Da ƙaho aka ɓata, da ƙaho za a gyara. Gobe ka ɗaura shi a kan babbar mota."

Aikin mota mai tafiya daban yake da na taro, wannan ku riƙe. Mota na wucewa, mutum ba ya jin farkon magana da ƙarshenta, abin da ya faɗo daidai rumfarsa shi zai ɗauka. Don haka gajeruwa ake yi, a yi ta maimaitawa. Na ce, "Alhaji, abin da za ka ce ke nan: Bappa Umaru i ya ce, ni ne ban ji ba. Ka yi ta faɗa har mu zaga." Ya ce wannan maganar yara ce, babban mutum sai babban jawabi. Na ce to. Na shiga gaba na ɗora inji a cinya, shi yana gefena da makirfo, direba ya ja muka shiga kasuwa da hantsi, lokacin da ta cika.

Ya fara da salati. Ya ce jama'a, Bappa Umaru mutumin kirki ne, ba mu san darajarsa ba sai yanzu. Ya tsaya mana a Ikko, mu muka juya masa baya. Allah ya yafe mana abin da muka yi masa, shi kuma Allah ya saka masa da Aljanna. Duk wanda ya taɓa kiransa da sunan nan, ya zo mu tafi gidansa yanzu. Yana faɗa yana kuka, ƙaho na fitar da kukan tas. Ni idona na kan inji da bakinsa, ban ga abin da ke faruwa a waje ba. Na dai ji mota na tsayawa mutane na hawa, Alhaji ya leƙa ya ce, "Ka gani? Kai da ka ce ba za su fahimta ba." Sai da mota ta cika, wata ta biyo mu, masu kekuna na bin baya har Bako.

Da na sauko ne na ga fuskoki. Ba mai magana da ƙarfi. Wasu sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Bappa, wata tsohuwa mai ƙosai ta sauke ƙwaryar gero, wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "An riga an kai shi, ko za mu samu salla?" Ashe gaisuwar mutuwa suka zo. Na waiga wajen Alhaji, ga mutane sun yi layi suna ce masa ya haƙuri, shi kuma yana share hawaye yana amsawa da godiya, a zatonsa haƙurin laifinsa ake ba shi.

Na kutsa zaure da gudu. Gidan shiru, ashe iyalin duk sun tafi bikin suna a Yolde Kohi. Na tarar da Bappa shi kaɗai a bayan zanan da ya raba tsakar gida da waje, zaune a kan buzu yana ɓarar gyaɗar iri, lafiyarsa ƙalau. Hannunsa ya tsaya a cikin ƙwarya. Na durƙusa na raɗa masa abin da ya faru, tun daga zauren tsoho har kasuwa. Ta cikin zana kuwa ana jin duk abin da ake faɗa a waje.

Wani na cewa shekarar da aka so ƙara kuɗin kananzir, mutumin nan shi kaɗai ya tsaya. Wani ya ce gidan wayar da yake karɓar saƙon ɗansa soja, ai bakin Bappa ne. Wani direba ya ce duk ranar da ya hau babban jirgi sai ya tuna shi, kunya ce ta hana shi faɗa. Sai na ji muryar Buba Tela, ta dushe, yana cewa, "Wallahi mun san abin da ya ce. Mun sani sarai. Ni na koya wa yara, kuma ga shi ban samu na roƙe shi gafara ba." Ba wanda ya ce wakili kaza. Bappa Umaru kawai kake ji, daga wannan baki zuwa wancan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in ɗauko makirfo in gaya musu kana nan da ranka, kafin wani ya tafi haƙa kabari."

Na yunƙura zan tashi, ya riƙe mini wuyan hannu, ɓawon gyaɗa manne a yatsunsa. Idonsa ya cika da ruwa, amma bakinsa murmushi yake yi. Ya ce, "Zauna, ɗana. Ka bar su tukuna, ba su gama ba."

Na zauna. Ya ture ƙwaryar gefe, ya ja buzunsa kusa da zana, ya kara kunne.